Fis yana yawan tsinkewa, akwatin wuta yana ƙauri: canza DB ne maganin?

Wani magidanci daga Kano ya aiko da tambaya. Ya gaji gidan mahaifinsa da aka gina a shekarun 1980, kuma har yau tsohon akwatin fis na tangaran mai layi shida ne a jikin bango. A 'yan shekarun nan ya sa na'urar sanyaya ɗaki uku, da firiza, da sumo na burtsatse, da hitar banɗaki, kwanan nan kuma inbata da sola. Fis yana tsinkewa kusan kullum, wani lokaci da dare ana jin ƙauri kamar na roba daga akwatin. Wani mai gyaran wuta ya ce masa a cire fis ɗin a sa bireka mai amfiya 63, magana ta ƙare. Yana son ya sani: ya yarda da wannan shawara, ko sai ya canza akwatin rabon wutar (DB) gaba ɗaya, ko kuwa sai ya nemi kamfanin wuta ya kawo masa layi uku daga falwaya maimakon ɗaya?

Alhaji, kafin komai, ƙaurin nan da kake ji ba abin da za a jira ƙarshen wata ba ne. Roba ce take narkewa, ko ta jikin waya ko ta wurin da aka ɗaure waya da noti. Daga yau kada a kunna hita, kada a haɗa AC fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma idan za ku kwanta ko za a fita a bar gidan, a kashe babban makunni. A kira mai aiki ya buɗe akwatin cikin kwana ɗaya ko biyu.

Shawarar bireka mai amfiya 63 kuwa, kada ka karɓe ta. Gyaran gangar Auzinawa ne. Dalilin shi ne abin da yawancin masu gida ba a taɓa yi musu bayaninsa ba: fis ko bireka ba don kare AC ko firiza aka sa su ba, mai gadin waya ne. Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta ɗauka kafin ta fara zafin da zai cinye robar jikinta. Aikin fis shi ne ya yanke kafin a kai wannan iyaka. Idan fis ɗinka yana tsinkewa kullum, aikinsa yake yi, yana gaya maka cewa an ɗora wa wayar da ke cikin bango abin da ya fi ƙarfinta. Ka cire shi ka sa wanda ba zai yanke ba sai a amfiya 63, to wayar da ke cikin silin ita ce za ta koma fis ɗin. Kuma zafin waya ba daidai da wutar yake hawa ba: idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi.

Na sha buɗe irin akwatin gidanku in tarar an maye gurbin siririyar wayar fis da zaren waya mai kauri ninki uku ko huɗu, wani wurin ma ƙusa. Mai gidan yana murna wuta ta daina ɗaukewa, tangaran ɗin kuwa ya yi baƙi ƙirin ta baya.

Mu yi lissafin gidanka. A lokacin da aka gina shi, me aka tanada wa wuta? Ƙwan fitila, fanka, rediyo, talabijin ɗaya, firji ɗaya, dutsen guga. Duka ba su fi wat 3,000 ba. Yau kuwa: AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan wajen wat 1,200, uku sun zama 3,600. Firji da firiza, a ba su 400. Sumo mai doki ɗaya, wajen 1,100. Hita 2,000. Butar dafa ruwa 2,000. Dutsen guga 1,200. Fitilu da fankoki da talabijin da cajin waya, 800. Inbata idan tana cajin batir daga wutar kamfani za ta iya jan 1,500. Jimla wat 12,600. Ka raba da bolt 230, wanda shi ne ƙa'idar wutar gida a Najeriya, za ka samu wajen amfiya 55. Waɗannan alƙaluman na kusa da gaskiya ne kawai, ainihin na kayanka yana rubuce a takardar da ke manne a jikin kowace na'ura, ita za a bi.

A littattafan koyon aikin ana cewa ba a kunna komai lokaci guda, saboda haka ana rage wani kaso daga jimlar. Wannan lissafin an yi shi ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Mu a nan, da zarar yara sun yi ihun an kawo wuta, uwargida ta jona dutsen guga, an kunna sumo a cika tanki, firiza da ta narke ta tashi da ƙarfinta, inbata ta fara zuƙar caji, kowa ya kunna AC ɗin ɗakinsa. Duk a cikin minti biyar. Shi ya sa ni a gidajenmu ba na rage da yawa daga jimlar, domin sa'ar farko bayan dawowar wuta ita ce jarrabawar wayarin ɗin gida. A ƙara da cewa duk abin da ke da mota a cikinsa, kamar sumo da tsohon samfurin AC, yana fizgar ninki uku zuwa shida na wutarsa a daidai lokacin tashi.

Sai matsalar wuta marar ƙarfi. Mutane suna zaton idan wuta ta yi ƙasa, waya tana hutawa. Ga dutsen guga haka ne. Ga AC da sumo da cajar inbata da duk abin da ke bayan sitabilaiza, akasin haka ne: AC ɗin da ke jan amfiya 5 da 'yan kai a bolt 230 zai nemi kusan 7 a bolt 180, don ya yi aikin da ya saba. Akwai kuma wani abu da na lura da shi tun watan Afrilun 2024, lokacin da aka kai farashin rukunin Band A naira 225 kowane yunit bisa alkawarin wutar awa 20 a rana. Gidajen da a da ɗauke wuta ke ba wayoyinsu hutu suna hucewa, da wuta ta fara daɗewa sai raunin da ke ɓoye ya fito fili.

To a canza akwatin? Ƙwarai kuwa, a canza. Layi shida ba zai ishi gidan nan ba, kuma fis irin na ɗaurin waya sai wuta ta kai kusan ninki biyu na lambarsa kafin ya tsinke da wuri. Amma sabon DB a kan tsohuwar waya sabuwar riga ce a kan ƙazamin jiki. Aikin yana farawa ne daga bakin mita ya shigo ciki, kuma yawancin kuɗin a waya zai tafi, ba a akwati ba.

Wayar da ta taso daga mita zuwa akwati ita ce ta farko. A gidajen wancan zamani sau da yawa mai lamba 6 ce, wani lokaci 10 (lambar kaurin waya take nunawa). Mai lamba 6 a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 41 a lissafin littafi, mai lamba 10 tana ɗaukar 57, mai lamba 16 kuma 76. Amma wannan lissafin an yi shi ne a kan zafin digiri 30. A digiri 40 sai an rage zuwa kashi 87 cikin ɗari, a digiri 50 zuwa kashi 71. Duk wanda ya taɓa shiga cikin silin ƙarƙashin rufin kwano a Kano a watan Afrilu ya san digiri 40 ba komai ba ne a wurin. Wannan shi ne abin da masu wayarin da yawa suke mantawa, kuma shi ya sa abin da ya yi daidai a takarda yake narkewa a bazara. A gidanka, mai lamba 16 ta jan ƙarfe nake ganin ta dace, da babbar bireka mai amfiya 63 a bakin shiga. Ka ga ke nan lambar 63 ɗin da aka faɗa maka tana da muhallinta, amma a kan waya mai lamba 16 a ƙofar gida, ba a kan siririyar wayar soket ba.

Daga nan sai rabon layuka. Kowane AC da layinsa shi kaɗai tun daga akwati, waya mai lamba 2.5 idan tafiyar gajera ce, mai lamba 4 idan da nisa ko za ta ratsa silin, da bireka mai amfiya 16 ko 20. Hita layinta daban da makunni mai yanke wayoyi biyu a wajen banɗaki. Sumo layinsa daban. Soket ɗin kicin kada a haɗa su da na ɗakuna. Fitilu a kan waya 1.5 da bireka 6 ko 10, kuma a raba su gida biyu don kada matsala ɗaya ta jefa gidan duka cikin duhu. Abin da na fi tarar da shi a tsofaffin gidaje shi ne an jona AC daga soket ɗin da ke kusa, soket ɗin kuma daga wani soket aka ja shi, har ka bi sawu ka tarar ɗakuna uku a kan waya ɗaya. A jikin bireka za ka ga harafi kafin lamba, B ko C. Mai C ta fi haƙuri da fizgar tashi, ita ake sa wa AC da sumo. Idan ka ƙidaya za ka ga kana bukatar layi 12 zuwa 14. Ka sayi mai 18. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gidan da yara ke girma a ciki kaya ƙaruwa suke yi.

Tsohuwar wayar da ke cikin bango ba lalle ne a cire ta duka ba. Ana gwada ta da na'urar da ake kira mega, wadda ke tura bolt 500 ta auna ko robar tana riƙe wuta. Abin da ya gaza megom 1 ya faɗi, kuma ni ko ya haye da kaɗan ba na sakin jiki da shi. Wadda ta ci jarrabawa a bar mata fitilu da fanka. Mai aikin da ya zo maka da testa da filaya kaɗai ba shi da hanyar sanin halin da wayar cikin bangonka take.

Yanzu abin da ya fi damuna a gidajenmu, wanda kuma ba ka tambaya ba. Bireka tana kare waya daga gobara, amma ba ta kare mutum. Wutar da za ta tsayar da zuciyar ɗan Adam ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, birekar amfiya 20 kuwa ba za ta ma san an yi ba. Abin da ke kare rai wata na'ura ce daban da ake kira RCD, wasu su ce ELCB. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, idan ta ga bambancin miliamfiya 30 sai ta san wuta ta bi wata hanya, ko ta jikin bango ko ta jikin mutum, ta yanke cikin ƙiftawar ido. Gida mai hita a banɗaki da sumo a rijiya da yara masu yawo ba takalmi a jiƙaƙƙen tsakar gida, ba na yarda in sa hannu a aikinsa babu ita. Ka duba da idonka an rubuta 30mA, domin akwai mai 100 da mai 300, waɗannan don gobara ne, ba sa kare mutum.

Zan gaya maka abin da zai faru bayan an sa ta, don kada a yaudare ka. Wataƙila ta riƙa faɗuwa, musamman da damina. Sai wani ya ce ai ba ta dace da wutar Najeriya ba, a cire. Ba haka ba ne. Tana faɗuwa ne don ta gano abin da ya daɗe yana nan: danshi a soket ɗin waje, hitar da ƙarfenta ya ci, ko nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) na wani layi da aka ara aka haɗa da wani. A nemo laifin a gyara. Don kada guda ɗaya ta riƙa kashe gidan duka, a sa biyu ko uku kowace da rukuninta, ko a sa wa hita da sumo da kicin irin wadda ta haɗa aikin bireka da na RCD wuri guda, ana kiranta RCBO. Akwai maɓalli mai harafin T a jikinta, a riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni a ga ta faɗi.

Ita kuma wannan kariyar tana tafiya ne da atin, wato wayar da ke kai wutar da ta kauce hanya zuwa cikin ƙasa. A gidaje da yawa soket mai baki uku ne, amma idan ka kwance shi za ka ga bakin na uku ba a ɗaura masa komai ba. Sabbin layuka duka su zo da wayar atin mai launin kore da rawaya, a haɗa jikin tanki da hita da sumo da ƙarafunan sola, a kai su ga sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Ƙasarmu ta Arewa mai yashi ce, da rani takan bushe har ƙasa sosai, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da kyau. Saboda haka a kafa sandar a wuri mai danshi, a zurfafa, idan ɗaya ba ta isa ba a ƙara a haɗa su, kuma a auna da rani, ba a watan Agusta ba lokacin da ko'ina jiƙe yake. Al'adar zuba gawayi da gishiri tana sauke awon a farko, amma gishiri yana cin ƙarfe kuma ruwa yana wanke shi. A bar ɗan rami mai murfi a kan sandar yadda za a iya dubawa.

Batun layi uku. Da wannan lissafin naka, layi ɗaya zai iya ɗaukar gidan, amma yana dab da baki. Ka duba fuskar mitarka, an rubuta iyakarta, galibi amfiya 60 ko 80. Idan kana da niyyar ƙara AC, ko risho na lantarki, ko gina sashen baƙi, ka nemi layi uku yanzu a yi aikin sau ɗaya. Wannan ba aikin mai wayarin ba ne shi kaɗai. Mita da wayar da ta sauko daga falwaya suna ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta, a Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO, a ofishinsu ake nema. Kada ka bari kowa ya hau falwaya ko ya taɓa hatimin mita da sunan taimaka maka. Idan an kawo layi uku, a raba kaya daidai a kansu, AC ɗaya a kowane layi. Ɗabi'ar nan ta zare fis da hannu a mayar da shi wani layi idan ɗaya ya ɗauke, a daina ta. Akwai makunnin zaɓen layi da aka ƙera don haka, yana cikin rufaffen akwati.

Wani haɗari da ke tattare da wutar unguwa shi ne tsinkewar nutural a taransfoma ko a falwaya. Idan hakan ta faru, gidan da ya saba samun 230 zai iya ganin abin da ya doshi 400, shi ne ranar da za ka ji an ce wuta mai ƙarfi ta ƙona talabijin ɗin gidajen layi guda. Bireka ba ta ganin wannan. Akwai 'yar na'ura mai nuna lamba da ake sawa a cikin DB, tana yanke gidan idan wuta ta haura ko ta faɗi ƙasa da iyakar da aka saita mata, sannan ta jira 'yan mintuna kafin ta mayar, abin da injin firiza da AC ke bukata. Kuɗinta bai kai na gyaran firiza ɗaya ba. Tunda kuma kana da sola a kan rufi, a ƙara na'urar kariya daga tsawa.

Inbata ita ce wurin da aka fi yin kwamacala a 'yan shekarun nan. Inbata mai kVA 5 abin da za ta bayar bai wuce amfiya 22 ba, ba za ta ɗauki gidan da ke neman 55 ba. Hanyar da ta dace ita ce akwati biyu: babba na wutar kamfani da janareta mai ɗauke da hita da AC da sumo da soket ɗin guga, ƙarami kuma na inbata mai ɗauke da fitilu, fanka, talabijin, firji. Nutural ɗin akwatunan biyu kada su haɗu ko'ina, in ba haka ba RCD ba za ta zauna ba. A kuma gwada a tabbatar tana faɗuwa lokacin da gidan ke kan inbata ko janareta, ba a kan wutar kamfani kaɗai ba. Wayoyin da suka sauko daga faifan sola da na batir suna bukatar birekar da aka rubuta DC a jikinta. Wutar kamfani tana ratsa sifiri sau 100 a kowace daƙiƙa, wannan ke taimaka wa bireka ta kashe tartsatsi, ta batir kuwa ba ta yin haka, sai tartsatsin ya ci gaba da ci a cikin birekar da ba tata ba. Canjoba kuma, wato makunnin da ke sauya gida daga wutar kamfani zuwa janareta, dole ta yanke har da nutural, ta raba gidan da layin kamfani gaba ɗaya. Janaretan da aka jona ta soket yana tura wuta baya zuwa falwaya, taransfoma ta ɗaga ta, ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layi a kashe yake shi ne zai biya da ransa.

Wajen sayen kaya, ka je da kanka tare da mai aikin. Jabun waya ta cika kasuwa: wata alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, wata an rubuta 2.5 alhali ba ta kai ba, wata kuma naɗin bai cika tsawonsa ba. Ka kankare bakin wayar da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki, ajiye ta. Ka ɗaga naɗi biyu ka ji nauyi, jan ƙarfe na gaskiya yana da nauyi. Ka nemi tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ka saya wurin dila na kamfani, ka karɓi rasit. Wayar da ake yi a Najeriya tana da suna mai kyau a wurin masu sana'ar nan, shi ya sa ma ake buga jabu da sunanta. Bireka ma akwai ta jabu, wadda ba komai a cikinta sai makunni, ba za ta faɗi ba ko me ya faru. Araha ba ta ado a wannan wurin. Farashi yana bin dala da jan ƙarfe, don haka ka sa a rubuta maka kowane abu da lambarsa da adadinsa, kuɗin aiki kuma daban, ka kwatanta wurin mutum biyu ko uku. Ka tambayi mai aikin takardar shaidarsa ta NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta kafa don duba ayyukan lantarki da tantance masu yin su. Wanda yake da ita ba zai ji haushin tambayar ba.

Akwatin ya zama na ƙarfe, a wurin da babba zai kai hannu ba tare da hawa kujera ba, ba a bayan kabad ba, ba kusa da tukunyar gas ba. A toshe duk ramukan da waya ba ta bi ba, domin tsaka da zanzaro da ƙurar hunturu suna shiga, na sha cire gidan zanzaro daga tsakanin birekoki. Yawancin akwatunan da na gani sun ƙone daga noti ɗaya da bai ɗauru ba wutar ta fara, saboda haka bayan wata uku ko shida mai aikin ya dawo ya kashe wuta ya sake ɗaure kowane noti. A rubuta sunan kowane layi da Hausa a jikin murfin: ɗakin Hajiya, hita, sumo, kicin. A tara mutanen gidan a nuna musu babbar bireka, domin ranar da za a bukace ta wataƙila kana kasuwa.

Idan kuɗi ba za su kai a yi duka lokaci ɗaya ba, ga yadda zan jera maka. Zangon farko: wayar mita zuwa akwati, sabon DB, atin, RCD, da canjoba mai kyau. Zango na biyu: sabbin layuka na AC uku da hita da sumo, kuma duk wanda ba a ja wa layinsa ba tukuna a bar shi a kashe. Akwatin inbata da sauran tsofaffin layukan ɗakuna su biyo baya. Wanda zai zo duba ƙaurin nan gobe, ka ce ya fara da wurin da wayar mita ta shiga babban makunni, sannan ya bi layin da AC ɗin falo yake kai.